Ƙwan mitar mota ya ƙone

Ka ce gefen mitar gudu ya yi duhu, ko sai ka sauya mitar gaba ɗaya? A'a malam, ƙwai ɗaya ne ya ƙone. Cire kan batir, kwance sukurori, ka jawo mitar sannu kada ka tsinke wayoyin baya. Murɗa mazaunin ƙwan zuwa hagu, zai fito. Tafi da tsohon ƙwan kasuwa ka sayo irinsa, galibi mai lamba T5 ne.

Amma ƙwan alamar batir kam, kada ka sauya shi da ƙwan LED. Na taɓa yi a Garwa, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ta ƙi caji, mota ta mutu mini a hanyar Marwa da tsakar rana. A wasu tsofaffin motoci, ta wannan ƙwan ne wutar da ke tada cajin take bi. In kuwa duk mitar ce ta mutu, fara da fiyus.