Tambayi Likita: Yatsan Baba ya fara baƙi, an ce a yi masa aikin jijiya

Tambaya: Salamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Babanmu ya daɗe da ciwon suga, wata uku kenan gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, yanzu har yatsan ya fara baƙi, da daddare baya iya bacci sai ya zuro ƙafar ƙasa daga kan gado. Asibiti sun ce jini ne baya sauka, za a yi tiyata a canza masa hanya, amma yayyena sun ce kar a yarda wai daga nan sai yanke ƙafa. Daga ƙanwarku a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Ki faɗa wa yayyenki aikin nan don a ceci ƙafar ake yinsa, jinkirin ne ke kai mutum ga yankewa. Zuro ƙafar da yake yi da dare ma alama ce toshewar ta yi nisa, in ya miƙe a gado ɗan jinin da ke sauka baya isa yatsu shine azabar ke tashi.

Suga yakan toshe jijiyoyin jini musamman na ƙasan gwiwa. Toh kinga yadda in gosulo ya haɗu a Taminus direba yake zagayewa ta wani layi, haka likita zai yi, ya ciro wata doguwar jijiya da ta taso daga idon sawu ta cikin cinya har matsematsi, ya ɗinka bakinta ɗaya sama da inda ya toshe ɗayan kuma ƙasa, jini ya bi ta nan. Tun 1948 wani likita Jean Kunlin ya fara yinsa a Faransa. Akwai jijiyar roba amma a ƙasan gwiwa tafi saurin toshewa, ni dai in jijiyar Baba tana da kyau ita nake so, babban binciken da ya fito a 2022 ma ya nuna masu jijiya mai kyau sun fi dacewa da tiyatar akan a buɗe hanyar da balan-balan ta ciki.

Ku tabbatar an duba zuciya da ƙoda kafin a shiga, don cutar da ta kama jijiyar ƙafa sau da yawa tana kama ta zuciya ma. Yatsan da ya riga ya mutu kam baya dawowa, ƙila a cire shi kaɗai bayan jini ya dawo, kar hankalinku ya tashi.

Taba in yana sha ya daina kwata-kwata, magunguna kuma ba fashi. Sannan sanyin Jos ɗin nan, don girman Allah kar a kawo masa kaskon wuta kusa da ƙafa ko a gasa masa da ruwan zafi, mai suga sai ya ƙone bai ji ba, safa mai kauri mara matsewa ta isa. In kinga kumburi ko wari ko zazzaɓi a daren ku tafi asibiti, kar a jira ranar kilinik.