Takardar mutuwar wanda ya rasu a Amurka

Kai yaro, na ga saƙonka. Ka ce wata Hajiya ta zo shago bayan na fita, ɗanta ya rasu a Amurka bara, banki ya riƙe kuɗinsa na nan gida sai an kawo takardar shaidar mutuwa, shi ne kake tambaya ko ka buga mata wasiƙa zuwa ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja. Kada ka buga, ɓarnar takarda da tawada ce. Ofishin jakadanci ba ya ajiye wannan, gwamnatin tarayyarsu ma ba ta ajiyewa. Kowace jiha da tata rajistar, a ƙarƙashin jihohin kuma akwai gundumomin da suke kira kawunti, sun haura 3,000. Takardar tana jihar da gundumar da rai ya fita. Inda mutum yake haya da inda aka binne shi duk ba ruwan rajista da su.

Da wani abin ka tambaya, da na ce ka bari sai na dawo. Amma wannan tambayar ta taso mini da wani Alhaji da har gobe in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A 2016 ne, shekarar da dala ta tashi daga wajen naira 300 ta doshi 500 a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano. Wani tsohon kwastomana, mutumin da nake buga wa takardun kwangila tun ina da tafireta, shi ya kawo shi. Farar shadda, hula zanna, turare ya cika shago. Ya ce ƙaninsa ya rasu a Houston ta jihar Texas, ya bar gida biyu da kuɗi a banki a nan, kotu tana son takardar mutuwa kafin a taɓa gado. Ya ajiye ɗan abin da bai kai kuɗin aika saƙo ba, ya ce, "Malam, yi komai, in takarda ta iso ka faɗi naka, ba za mu yi jayayya ba." Wanda ya kawo shi ya ce ya tsaya masa. A zamaninmu in dattijo ya ce ya tsaya wa mutum, magana ta ƙare.

Na ce ya ba ni lambar wani daga cikin waɗanda suka yi jana'izar a can. Ya ce wayar da lambobin ke ciki ta faɗa ruwa.

Na je Wapa na sayi dala da kuɗin aljihuna, don a lokacin bankuna sun matse katin naira, ba ya biyan abin kirki a waje. Na tura wa wani abokina direban tasi a can, shi ya biya ya kuma kai takardun. Birnin Houston kaɗai ya ratsa gunduma uku, Harris da Fort Bend da Montgomery. Aka duba, babu. Aka rubuta wa babban ofishin jiha da ke Austin, amsa ta dawo babu mai wannan suna da ya mutu a Texas a wannan shekarar. Ka kuma sani, kuɗin bincike ba a mayarwa. A samu, a rasa, sun ci. Kuɗin takardar kanta bai wuce dala 20 da 'yan kai ba, amma ka haɗa da lauya mai hatimin shaida, da kamfanin aika saƙo zuwa da dawowa, da man motar abokina da aikin da ya bari, sai ka ga jarin shago ya tafi. Kuɗin da na tara don sabon injin hoton takarda, shi na narkar.

Abokin nawa ne ya gaji, ranar wata Juma'a ya shiga masallacin da 'yan Afirka ta Yamma ke taruwa yana tambaya. Nan take aka san mamacin. Direban tirela ne. A kan babbar hanyar da ta nufi gabas ya yi hatsari, ya cika a wani asibiti a jihar Louisiana, aka ɗauko gawar zuwa Houston aka yi masa sutura. Ya kuma bar mata da yara biyu ƙanana. Matar ita ce ta buga wa Alhajin waya da kanta daren da abin ya faru, ta faɗa masa sunan asibitin.

Ka ga dalilin da waya ta faɗa ruwa.

Na kira shi shago. Ko gezau bai yi ba. Ya ce to yanzu tunda an gano wurin sai a nema a can. Na ce masa Louisiana ba ta ba kowa takardar mutuwa sai ta shekara 50, kafin nan sai mata ko miji, ko iyaye, ko 'ya'ya, ko wanda suka haɗa uwa ko uba da makamantansu na jiki, kamar yadda Texas ke rufe tata shekara 25. Na ce ya kawo abin da ke nuna mahaifinsu ɗaya. Sai ga shi ashe ɗan baffan mamacin ne. Ya jawo kujera kusa da ni, ya rage murya, wai in buga masa takardar rantsuwa cewa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma marigayin bai bar mata ko ɗa ba, zai ninka mini abin da na kashe sau uku. A shagona, a kan teburin da nake cin halalina! Na ce masa ya je ya karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i ya ga abin da mai cin dukiyar maraya yake zuba wa cikinsa, sannan ya tashi ya ba ni wuri.

Abin da jahilin bai sani ba, ko da takardar ta zo hannunsa ita za ta tona shi. Takardar mutuwa ta Amurka tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa, da ko yana da aure, da sunan matar da ya bari, da sunan wanda ya ba da bayanin. Alƙali na buɗewa zai ga sunan baiwar Allah nan.

Bai ƙara mini ko sisi ba. Bai tsaya nan ba, ya bi gari yana cewa na karɓi kuɗinsa na cinye ban kawo takarda ba, har ya kai ni wurin 'yan sanda. Ni da furfurata na zauna a benci ina fito da rasit ɗaya bayan ɗaya daga cikin ambulan. Rasit ɗin ne suka fitar da ni. Dattijon da ya ce ya tsaya masa kuwa, kunya ta sa ya daina zuwa, na yi asarar kwastoman shekara da shekaru a kan laifin wani. Wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

To koma kan Hajiyarka. Uwa ce, tana da haƙƙi a kowace jiha, wannan ya sauƙaƙa. Yadda ake cike fom ba zan ɓata bakina a kai ba, in ba ka iya ba har yanzu to zaman me kake yi a shagon. Abin da nake so ka yi, ka zaunar da ita ka tambaye ta wa ya wanke ɗanta, wa ya sallace shi. Ka karɓi lambar. Kamfanin da ya shirya gawar shi ne ya shigar da takardar tun farko, sun san gundumar, sun san ranar, sau da yawa ma iyalin da ke can suna da kwafi a hannu. In yana da mata, a fara da ita. Kada ka yarda da sunan gari kawai. Gundumar da ake kira Washington tana nan a jihohi kusan 30, birnin Kansas kuma biyu ne, ɗaya a Missouri ɗaya a Kansas. In a cikin birnin New York ya rasu, hukumar lafiya ta birnin za a nema, ofishin jiha da ke Albany ba ya riƙe nasu.

Na san halinku 'yan yanzu. Za ka ɗauki waya ka danna, shafin da ya fara fitowa ka zuba masa kuɗin mutane, alhali ɗan kamasho ne da zai cike maka fom ɗin da ke kyauta ya caje ka ninki. Ku dai a ba ku abu a minti biyu ku koma kallon TikTok. Shafin gundumar ko na jihar za ka nema, in sun ce ta VitalChek suke karɓa, wato kamfanin da ke karɓar musu buƙatun takardu ta intanet, to ka bi ta nan.

Sunan kuma ka rubuta shi harafi da harafi yadda yake a fasfonsa. In shi Mohammed ya rubuta kai ka gyara masa zuwa Muhammad don ka yi islamiyya, za su ce babu shi, kuɗi ya tafi. Ka nemi mai hatimi, don wasu jihohin kamar California suna ba da wata ta sanarwa kawai wadda aka buga wa rubutu a fuska cewa ba ta tabbatar da ko wane ne mutum. Ka nemi fiye da ɗaya, banki zai riƙe, kotu za ta riƙe. In mutuwar ta hatsari ce ko ta farat ɗaya, duba gurbin sanadin mutuwa, in an rubuta ana kan bincike to akwai gyararriya da za ta fito daga baya, kamfanin inshora ita yakan jira.

Kafin duk wannan ka tura Hajiya bankin ta tambayo a rubuce ko suna son a tantance takardar. In suna so, sai ta bi ta ofishin sakataren jihar, ta je ma'aikatar harkokin wajensu a Washington, sannan ofishin jakadancin Najeriya a can ko ƙaramin ofishinmu na New York ko Atlanta, kowanne da kuɗinsa da jiransa.

Ka yi mata lissafin duka da dala a farashin ranar, ta biya kafin ka taɓa kwamfuta, ka yanka mata rasit, ka ajiye kwafi a ambulan ɗin da ke cikin durowar ƙasa. In ta ce wani ya tsaya mata, ka ce Oga ya hana.