Ga ƙanena mai shirin zuwa Amurka karatu: maganar haraji

Assalamu alaikum ƙanena. Na yi murna da gurbin digiri na biyu da ka samu, Allah ya sa albarka. Ka ce kana ganin maganar haraji ba ta shafe ka ba tunda karatu ne zai kawo ka, kuma ba ka mallaki komai ba sai rabonka na gidan gado da ke Mabera a Sakkwato, wanda ake karɓar maka haya. Ta shafe ka, tun shekarar farko ma.

A gida ma'aikaci ya saba a cire masa haraji daga albashi, ba ya ƙara bi ta kai. Nan Amurka ma ana cirewa, amma duk shekara kai da kanka za ka cike takarda ka aika wa IRS, hukumar haraji ta tarayya. Ana lissafi daga Janairu zuwa Disamba, wa'adin aikawa kuma 15 ga Afrilu na shekarar da ke biye. Ba mai kiran ka ya tuna maka. In ma wani ya bugo waya ya ce daga hukumar yake, ka biya yanzu ko a kama ka, ɗan damfara ne, ka kashe wayarka. Su da wasiƙa suke fara neman mutum.

Ko sisi ba ka samu ba, mai bizar ɗalibai ta F-1 sai ya aika fom 8843. In kuwa jami'a ta ba ka ɗan aiki a ɗakin karatu ko taimakon malami, zuwa ƙarshen Janairu za a aiko maka da W-2, takardar da ke nuna abin da aka biya ka da abin da aka cire. Tana zuwa ne cikin tsananin sanyi, a cakuɗe da takardun talla a akwatin wasiƙa, ka duba da kyau kafin ka zubar da komai. Da ita za ka cike 1040-NR, fom ɗin haraji na baƙi. Ka kula da haruffan nan biyu na ƙarshe, don yawancin manhajojin da ake tallatawa na mazauna ƙasa ne, ɗalibai da yawa kan cike da su bisa rashin sani, daga baya su zo suna gyara. Ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku zai nuna maka wadda ta dace da kai. Sannan yawancin jihohi suna da tasu takardar daban, ko da yake irin su Texas da Florida ba sa karɓar harajin albashi.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne lokacin. Shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, ga jarrabawa, ga hidimar aika kuɗin sallah gida, kafin ka ankara Afrilu ta kama. Ni da zarar W-2 ta iso nake gamawa. Ana iya neman ƙarin lokaci zuwa 15 ga Oktoba da fom 4868, amma na aika takarda ne kawai. Kuɗin da ake bin ka a Afrilu za ka biya. Tarar makarar aikawa kashi 5 cikin 100 ne na bashin kowane wata, har ya kai kashi 25. Ɗalibai kuwa sau da yawa su ke bin gwamnati, a mayar musu da rarar da aka cire, in sun cike.

To, gidan Mabera. A shekaru biyar na farko ana ɗaukar ɗalibi baƙo, hayar Sakkwato ba ruwan Amurka da ita. Sai dai shekarun kalanda ake ƙirgawa: ko a Agusta ka sauka, wannan ta tafi a shekara guda. Bayan nan, ko ranar da ka samu katin zama, duk abin da ka samu a duniya sai ka bayyana, har hayar. In kuɗinka a bankunan Najeriya suka haura dala 10,000 a haɗe, ko na yini ɗaya ne, akwai wani rahoton, FBAR. Kada ka raina takardun nan, ana neman su ranar da mutum ya zo neman zama ɗan ƙasa.

Hayar kuma tana da harajinta a gida ko kana ina, kuma ƙarshen Maris ne wa'adin mutum ya bayyana abin da ya samu a bara. An shiga sababbin dokokin haraji a Janairun 2026, don haka kafin ka taso ka je hukumar tara haraji ta jiha da ƙafarka ka ji yadda naka yake. Ka zaunar da Kawu, tunda shi ke karɓar hayar, ka roƙe shi cikin ladabi ya riƙa ba ɗan haya rasit, ya ajiye na gyaran rufi da na famfo, ya ɗauko hotonsu ya turo maka ta WhatsApp. Abin da ka biya a Najeriya ana iya rage maka shi a nan, amma sai da shaidar takarda, ba a karɓar "wallahi an biya".

Ka turo min sunan jihar da jami'ar take, in duba maka nata wa'adin. Ka gaishe min da Inna.