Me Ke Tsara Motsin Tumbin Ƙaguwa?

Malam, ka tambayi abin da ke sa tumbin ƙaguwa ya riƙa motsi a tsare. Aikin wani ƙullin ƙwayoyin jijiya ne, kusan 30 kacal, a saman tumbin. Ƙwaya ɗaya, AB, ita ce mai ba da kiɗa, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, haɗe ta lantarki da wasu ƙwayoyi biyu masu suna PD. Da sun buga, sai su danne wasu ƙwayoyin, LP da PY, ta mahaɗunsu, wato su hana su bugawa. Dannewar na sakinsu, LP ta zabura, PY ta biyo baya. Dannewar ce ke tsara layi, kamar mata uku masu lugude a turmi ɗaya. Ko an ciro jijiyoyin an sa a ruwan gishiri, kiɗan yakan ci gaba sa'o'i. Eve Marder, masaniyar kimiyyar jijiyoyi a Amurka, ta daɗe tana nazarinsa.