Kwashe bayanan masu karɓar mujalla zuwa sabuwar manhaja

Malam, ka tambayi yadda za ku kwashe bayanan masu biyan kuɗin mujallarku zuwa sabuwar manhaja. Na yi irin wannan aiki a unguwar Nima da ke Accra, na sha wuya. Kafin komai, adana kwafi biyu.

Lambobin waya ne suka wahalar da mu. Da muka buɗe fayil ɗin CSV, wato fayil mai jerin sunaye da lambobi, sifilin farko ya ɓace, 024 ta koma 24, saƙon tuna biyan MoMo (biyan kuɗi ta waya) bai isa ga kowa ba. Ka mai da su duka su fara da +233, lambar ƙasar Ghana. Ranar ƙarewar biyan kowa kuwa, duba ta da idonka, kada a yanke wa dattijon da ya biya shekara mujallarsa bayan wata uku. Fara gwaji da mutum 20.

Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin da za ku miƙa wa sunayen.