Minolta X-700 ɗin da ta maƙale: kafin ka kwance ta, karanta wannan

Toh ɗana, na ga saƙonka. Kace kawunka ya baka tsohuwar kyamarar fim ɗinsa Minolta X-700, libar jan fim ta ƙi motsi, ka danna shota shiru, kuma kana so ka cire murfin sama ka fesa mata mai ko zata saki. Don Allah ajiye gwangwanin man nan tukuna, kuma ka daina jan libar da ƙarfi, ba tsatsa ce ta riƙe ta ba. An riga an ɗana kyamarar ne, tana jiran shota ta tashi kafin ta sake baka damar ja, in ka matsa mata zaka karya haƙoran giya ne kawai, kuma kasan kamfanin ya bar harkar kyamara tun 2006, ba inda zaka je ka sayo sabon kayanta sai dai ka samu wata matacciya ka ciro.

Abinda nake so ya zauna maka a kai shine wannan ba irin Pentax K1000 bace da zata yi aiki ko babu batir. X-700 ta fito a 1981, shotarta ta ƙyalle ce amma maganaɗisun lantarki ne ke sakinta da riƙe ta, in babu wuta babu komai. Nikon FE ko batir ya mutu tana da M90, wato gudun shota da baya buƙatar wuta, da zaka iya ɗauka da shi, wannan kam bata da shi. Saboda haka aikinka shine ka bi wuta daga inda ta taso har inda ta tsaya.

Fara da batir. Murfinsa na ƙasa, da kwabo ake buɗewa, guda 2 take ci, LR44 ko SR44, kuma ni nafi son SR44 don ƙarfinsa baya sauka da wuri. Kar ka yarda da cewa sabo ne don yanzu ka ɓare shi daga kwali, wasu sun shekara a rana a teburin mai sayarwa, sa mitar auna wuta ka gani, kowanne ya baka wajen bolt 1.5. Sannan ka leƙa ramin da tocila, in kaga farin gari ko kore-kore to tsohon batir ne ya zubar da ruwa, ka goge da ɗan auduga da sipirit har ƙarfen yayi haske, murfin ma ka goge shi harda zaren da yake murɗawa don shima hanyar wuta ne.

In ka gama, kunna ta, ka sa ido a tagar leƙe, ka ɗora yatsa a kan maɓallin shota ba tare da ka danna ba, jajayen fitilu zasu kama a gefen dama. Yanzu danna. In fitilun suka mutu nan take kuma shota bata tashi ba, to kusan kullum kafasito ne, wannan ciwon sananne ne a X-700 da ƙannenta irin su X-300 da X-370. Kafasiton shi ke tara wutar da ake watsa wa maganaɗisu lokaci ɗaya don ya saki, in ya bushe ko ya tsiyaye saboda tsufa sai ya kasa, kyamara ta tsaya cak alhali duk sauran jikinta lafiya lau. Wallahi abin na bani tausayi, kyamarori masu kyau da yawa an jefar dasu saboda ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba.

Kafasiton guda 2 ne a X-700, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kai ka fara da na ƙasa don shi yafi sauƙi kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Cire farantin ƙasa, amma ka kula da sukurudireba, sukurorin Japan irin JIS ne, kamar kuros suke a ido amma in ka sa kuros na gama-gari zai zame ya cinye kan, shikenan ka jawo wa kanka aikin kwana. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka jera kowane sukuru yadda ka ciro shi, ka ɗau hoto da wayarka kafin ka taɓa komai. Zaka ga kafasiton a gefe ɗaya, ɗan gwangwani da ƙafa biyu, an rubuta 220uF 4V a jiki, wani lokaci ma zaka ga ƙafar tayi kore. Ka nemi mai 220uF, in 6.3V ka samu babu laifi muddin ƙarami ne da farantin zai rufe. Ka lura da ƙafar da take negatif kafin ka cire tsohon, akwai layi a jikinsa, in ka juya shi baya aikin banza kayi.

Wajen liƙa sabon da dalma ne nake jin tsoro. Ƙafafun a kan wata siririyar leda mai layukan tagulla suke, ba allon rediyo bane da zaka danna ƙarfe ka tsaya kana hira, in zafi yayi yawa layin zai ɗago ya rabu da ledar. Ƙarfe mai siririn baki, dalma kaɗan, ka taɓa ka ɗauke. In baka saba ba ka samu mataccen allon waya ko rimot ka yi ta gwaji har hannunka ya daina rawa, sannan ka zo kan kyamara. Na saman kuwa kar ka taɓa shi kai kaɗai, sai an cire liba da dayal da murfin gaba ɗaya kuma akwai ƙananan wayoyi da ke tsinkewa, kawo ta shago muyi tare.

Maganar mai kuma, babu shi a wannan aikin sam. Man feshi yana bin ko'ina, ya hau ƙyallen shota, ya shiga fuskar maganaɗisu ya sa ta danƙo, ga ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai. Ko Canon AE-1 da take kukan nan nata in an danna, ɗigo ɗaya tak ake sa mata da allura a wuri guda.

In ta tashi, buɗe bayanta ka duba soson da ke toshe haske a bakin ƙofa da wanda madubi ke bugawa, yawanci ya narke ya zama kamar kwalta, ka kankare da tsinken sakace da sipirit ka manna sabo, amma kar ka goge allon da ke saman madubin da sipirit, roba ce zata lalace. Sai ka gwada shota daga sakan 1 har 1/1000 kana kallon haske ta baya kafin ka sa fim.

Abu ɗaya kuma, tunda naga hannunka ya fara ƙaiƙayi: ƙananan kyamarorin nan masu filasha a jiki, kafasitonsu na riƙe wajen bolt 300 ko an cire batir, kar ka buɗe ko ɗaya sai na nuna maka yadda ake sauke wutar da rasista. Ranar Asabar ina shago, ka taho da ita da mitarka.