Burodi mai zabibi ya isa karin kumallon yaro?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙaramin burodin nan mai zabibi ya isa yaronki ya karya da shi kafin ya tafi makaranta. Gaskiya shi kaɗai bai isa ba. Akasarinsa farar fulawa ce da sukari da ɗan bota, yana ba da kuzari nan take amma ba ya riƙe ciki. Shi zabibin busasshen inabi ne, yana da sinadarin ayon mai ƙara jini, sai dai a giram 100 nasa kusan giram 60 sukari ne. Ki tsaga burodin ma ki ƙirga, da ƙyar ki ga ƙwaya goma.

Na sha saya wa 'yata a Sabon Gari, kullum kafin a fita tara yunwa ta gama cin ta. Da na fara haɗa mata da dafaffen ƙwai ko ƙosai uku da kofin madara, sai ƙorafin ya ƙare. Idan ya ci ki sa ya kuskure baki, domin zabibi yana maƙalewa a haƙora.